Baffa da Jirgin da Ya Faɗi a Fadama

Allah da ya ba mu aron Baffa ya karɓi abinsa wata Laraba bayan azahar, a ɗakinsa na Talata Mafara. Mu ma da muka rage muna bisa hanya. Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina rarrafe bayan mahaifin nawa ya rasu. Don haka a zaman makoki ni aka ajiye kusa da Inna, matarsa, muna karɓar gaisuwa.

Ina da wani hali da ba na ɓoyewa. Ba na yarda da abin da mutum ya faɗa a gabana sai na ji wanda ya faɗa yana neman takalminsa a bakin ƙofa. A hannun Baffa na koyi wannan. Shi ya sa idona yana kuka, kunnena kuwa yana zaure. Mata suka yi ta shigowa, kowace ta durƙusa: ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah shi jiƙan shi, Allah shi sa ya huta. Da wasu biyu suka fita, sai na ji ɗaya ta rage murya.

"Shi na fa wanda yak kada jirgin nan."

"Ke, ruhwa muna asiri, yanzu anka dawo daga kai shi."

"To ƙarya nika yi? Wa ab bai sani ba?"

Wannan bai ba ni mamaki ba, na saba jin irinsa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne na wasu dattawa da suka zo a kan babura daga wajen Maradun, cikin waɗanda ruwan madatsar Bakolori ya ci garuruwansu. Babbansu ya riƙe hannun maigidana, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Namiji ya tahi," in ji shi. "Duk wanda anka amshe ma gona kuka yay yi, shi ko sai da yar rama muna." Yabo yake yi, har da ƙwalla. Inna ta sunkuyar da kai, ni kuwa na ji kamar in fita in kore su da tsintsiya.

Idan na yi shiru, jikokin Baffa za su tashi da labarin cewa kakansu ya kashe mutum da gangan, wasu na zaginsa a kai, wasu na yi masa kirari. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ni ce sanadin shaƙuwarsa da mutumin da ya mutu a jirgin, kuma ina wurin ranar da Baffa ya gane abin da ya gane.

Dogo ne, siriri, mai ƙanƙance ido ɗaya idan ana ba shi labari. Kalmarsa ita ce, "Wa yag gani?" Ko cewa aka yi an ga wata, sai ya tambayi sunan wanda ya gani da sunan ubansa. In mai nono ta zo, sai ya tsoma yatsa ya ɗaga ya ga ko an yi masa haɗi da ruwa. Inna kan ce da a ce Baffa zai iya, da sai ya leƙa cikin ƙwai kafin kaza ta kwanta a kai. Ba shi da sauƙin zama, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba.

Amma wannan mutum mai zargin kowa ba ya iya barin baƙo ya fita gidansa hannu rabbana. A wurinmu, baƙo yakan ce a'a don kunya, mai gida kuma ya nace don mutunci, a yi ta ja har ɗaya ya gaji. Baffa ba ya ja. In ka ce a'a sai ya ce to madalla, ya raka ka har bakin hanya yana yi maka fatan alheri. Sai ka isa gida ka kwance kayanka ka tarar da abin da ka ƙi, an cusa shi can ƙasa. Akwai wani malami daga Jangebe da ya rantse ba zai karɓi ƙwan zabi ba. Yana alwala, Baffa ya zuba masa su a aljihun babbar rigar da ya rataye. Malam bai ankara ba sai da ya zauna a bayan akori-kura aka matse shi. Shekara ta zagayo yana ba da labarin rigar nan yana dariya, Baffa kuwa ya ce shi bai san zancen ba. Bai taɓa amsa cewa ya ba wani komai ba. A ganinsa, mutum ya ba da abu ya koma yana faɗi, gori ne, kuma gori aikin ƙananan mutane ne.

Da aikin madatsa ya kankama, garinmu ya cika da baƙi da katafiloli da manyan motoci. Cikin 'yan kwangilar da suka shigo akwai wani attajiri daga Kaduna wanda ba ya son wahalar hanya. Yana da ɗan ƙaramin jirgin sama nasa na kansa, mai farfela ɗaya a hanci, wanda bai fi motar haya girma ba. Aka nemi shimfiɗaɗɗen wuri da zai riƙa sauka, ido ya faɗa kan gonar Baffa ta tudu da ke hanyar Bakura. Katafila ta bi ta kan dawa tana bunni. Baffa yana tsaye yana kallo. Sai ranar kasuwa, jirgin ya wuce ta saman rumfuna, mutane suka ɗaga kai suna sha'awa, shi kuwa ya nuna shi da sanda ya ce, "Wallahi ba ni mutuwa sai na ga ranar da abin ga ya hwaɗo." Rabin kasuwa sun ji shi, kuma ba wanda ya manta.

Matuƙin jirgin ba Bature ba ne, kamar yadda masu ba da labarin yanzu suke cewa. Wani Kirista ne daga wajen Filato, gajere, mai faɗin ƙirji da yawan dariya, yana jin Hausa irin tasu ta can. In ya sauke maigidansa sai ya zauna gindin tsamiyar da katafila ta bari, yana cin gyaɗa yana jira. Baffa ya ɗauki al'adar sako awakinsa cikin filin da gangan, wai ai ciyawar gonarsa ce. Matuƙi sai ya yi ta zagaye a sama yana sauko da jirgi ƙasa-ƙasa har awakin su watse. Wata rana ya sauka ransa a ɓace, ya tako har inda Baffa yake.

"Baba, kana so ka kashe ni ne?"

"Ni nac ce ka sabka gonata?"

"Ba ni na ƙwace ba, Baba. Ni direba ne kawai."

"To direba, ka gaya ma mai kayan."

Haka suka yi ta zaman doya da manja har damina ta faɗi.

A daminar nan nake ɗauke da cikina na fari. Na dawo gida goyon ciki, naƙuda ta zo ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ungozoma ta yi iya yinta, aka kai ni ɗakin shan magani, ma'aikaciyar ta duba ta ce sai Sakkwato, sai an yi aiki. Ga shi an kwana ana ruwa, ya yanke hanya, motoci sun yi jerin gwano ba gaba ba baya. Abin da ya biyo baya Inna ce ta ba ni labari, don ni a lokacin ban san inda kaina yake ba. Baffa ya tsaya tsakar gida kamar an dasa shi. Can sai ya ɗauki hularsa ya fita da gudu, mutumin da ba a taɓa ganin gudunsa ba. Ya tarar da matuƙi gindin tsamiya. Ya cire hular nan ya riƙe a hannu, da ƙyar ya ce, "Ɗiyata."

Matuƙi bai tambaye shi awaki ba, bai kuma tsaya neman iznin maigidansa ba, wanda ke can wajen madatsa. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa ya ce, "Kawo ta, Baba."

Abin da na iya tunawa shi ne ƙarar injin, da hannun Inna yana matse nawa tana salati da ƙarfi, da muryar matuƙi yana waiwayowa yana cewa, "Mama, kar ki ji tsoro, mun kusa." A Sakkwato aka fid da ɗana da rai, ni ma na tashi. An ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. An kuma ce attajirin ya yi wa matuƙi wankin babban bargo a gaban ma'aikata saboda ɗaukar jirgi ba izni.

Daga ranar nan awaki ba su ƙara taka filin ba. Baffa da kansa yake zagaya shi da sassafe yana tsince duwatsu, yana cike ramukan gafiya. Ya fara kiran matuƙi "ɗana". Sai dai wani abu ya tsaya masa a wuya, wato mutumin ya ƙi karɓar komai. Ranar suna ya zo ya zauna a tabarma ya ci tuwo da hannu, ya ɗauki jariri ya yi masa wasa, amma da aka jawo masa rago ya ce a'a. Aka ɗinka masa riga, ya sa ya juya aka yi dariya, ya cire ya ninke ya ajiye. "Baba," ya ce, "in na karɓa, ya zama na sayar maka ne." Baffa ya ce to madalla. Mu da muka san shi muka kalli juna.

Kaka ta yi, shinkafar fadamarsa ta yi kyau. Ya sa Inna ta gyara ta farko, aka cashe ta tas, ya cika buhu biyu manya ya ɗinke bakinsu da kansa. Ranar da ya ji jirgin zai koma Kaduna da matuƙi shi kaɗai da wasu ƙarafan inji, ya ɗora buhunan a jaki da hantsi. Ya bari sai da matuƙi ya shiga gari cin abinci, maigadin filin kuma ya zagaya, sannan ya buɗe 'yar ƙofar kaya da ke bayan kujeru. Ya dawo gida yana murmushi, yana gaya mana yadda ya tura su can ƙurya wajen wutsiya, inda ido ba ya kai wa, ya ja tamfol ya rufe. "Sai ya kai gida matatai ta gani," in ji shi. "In shina iyawa shi maido su ta sama." Muka yi dariya har da tafi.

Da rana tsaka, zafi kamar ya fasa kai, jirgin ya taso. Ina tsakar gida ina shanya kayan jariri, ban gani ba, na dai ji. Ƙarar ta tashi kamar kullum, ta canza, sannan ƙasa ta girgiza. Waɗanda suka gani sun ce ya bar ƙasa da wuri, hancinsa ya miƙe sama kamar akuya mai miƙa wa ganye, ya ɗan tsaya cak, ya karkata gefe guda ya rikito. Cikin fadama ya faɗa, kan tarin dammunan shinkafar mutane da ke jiran sussuka. Wuta ta kama. Kafin a kawo ruwa a kwalla da tulu, ba abin da ya rage sai ƙarfe da toka da ƙonanniyar shinkafa ko'ina, wadda ba wanda ya yi mamakin ganinta a wurin. Baffa ne ya fara isa. Har ya mutu akwai tabon ƙuna a hannunsa na dama.

Kafin magariba gari ya gama yanke hukunci. An tuna maganar kasuwa, kuma wani ya ce ya ga Baffa da jaki kusa da jirgin da hantsi. Aka zo aka tafi da shi. Masu bincike suka tambaye shi abin da ya kai shi wurin, ya ce ya je gaida ɗansa ne. Suka tambayi ko ya zuba wani abu a tankin mai, ko ya yanke wata waya, ko ya binne wani abu a filin, ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Zancen shinkafa bai yi ba. Ba ɓoyewa yake ba, don bai ga abin ɓoyewa ba. Kawai bakinsa ba zai iya cewa "na ba shi" ba, balle a kan mamaci. Mu ma a gida ba wanda ya kawo haka a ransa. Wa zai zargi tsaraba? Bayan 'yan kwanaki suka sake shi don ba su sami komai ba, mutanen gari kuwa ba su sake shi ba.

Wani zai zaci zargin da ake yi masa ne zai dame shi. Ko a jikinsa. Abin da ya hana shi barci shi ne wanda ya kashe masa ɗa yana yawo a gari. Daga nan Baffa ya zama mai binciken jirgin sama, shi da bai taɓa hawa ba. Duk direban babbar mota ko bakanike da ya sauka a tasha sai Baffa ya saya masa shayi ya zauna yana yi masa tambaya, me ke sa inji ya mutu yana cikin tafiya, me ke sa ya shaƙe.

Da farko ya kama ungulaye. Mayankar gari ba ta da nisa da ƙarshen filin, kuma ya ce ya tsinci gashin ungulu kusa da inda jirgin ya faɗi. Wani ya gaya masa tsuntsu ɗaya in ya shiga farfela ya isa. Sai ya tasa babban mahaucin garin a gaba, abokinsa tun na yarinta, wai shi ke zubar da tumbi da hanji a fili yana tara su. Mahauci ya ce ungulu ta riga jirgi zuwa garin nan. Baffa ya ce a gaban jama'a, "Ƙazantarka ta kashe mutum." Ya hana a sayi nama wurinsa, muka koma aike har Bakura. Mahaucin ya mutu ba sa gaisawa.

Bayan haka ya koma kan mai. Gangunan man jirgin a waje suke, sun sha ruwan damina, kuma wani bakanike ya ce masa ruwa kaɗan a cikin mai yana kashe inji daidai lokacin tashi. Baffa ya ƙanƙance ido. Wa ke gadin gangunan? Wani bawan Allah mutumin Bakura, mai iyali da yawa. Baffa ya ƙudurta cewa yana zuƙar man yana sayarwa, ya cike gurbin da ruwa. Bai gani ba, shi mai tambayar kowa wa ya gani. Ya yi ta faɗa a majalisa da masallaci har maganar ta bi mutumin nan duk inda ya nemi aiki. Ba wanda ya ƙara ba shi gadin ko da rumbu.

Akwai wani makiyayi daga Faru da ya sha nasa rabon, wai shanunsa sun ratsa filin bayan ruwa sun bar ramukan kofato. Akwai bakaniken da ke zuwa daga Kaduna duba injin, wanda Baffa ya ce idonsa ja ne irin na mashaya. Har attajirin bai tsira ba, don Baffa ya ce mai yiwuwa haushin ɗaukar jirgi ba izni ne ya sa ya daina kashe kuɗin gyara. Maigidana ya taɓa ce masa, "Baffa, ko dai zafin rana ne da iska? An ce in rana ta take, jirgi ba ya samun ƙarfin tashi, ga guguwa tana yawo a lokacin." Baffa ya dube shi sheƙeƙe. "Iska za ni kai ƙara wurin alƙali?" Mutum yake nema, wanda zai kalla ido cikin ido.

Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ina bayansa a kan maigadin. Har yau in na ga mai sayar da fetur a kwalba sai na ɗaga ta na duba ƙasanta.

Shekaru suka tafi. Filin jirgi ya koma saura, aka raba shi aka yi gidaje. Baffa ya tsufa, idonsa ya rage gani, amma duk baƙon da ya zauna da shi sai ya ji labarin ungulu da gangar mai. Ɗan nan nawa da aka haifa a Sakkwato ya girma ya zama likitan dabbobi, har ya yi nasa iyalin. A bara aikinsu ya kai shi wani wuri mai nisa da mota ba ta shiga, aka ɗauke su a ƙaramin jirgi. Da ya dawo ya zo gaida kakansa, muna zaune tsakar gida bayan la'asar ana shan fura, yana ba mu labari yana kwaikwayon ma'aikatan.

"Baffa, har ni anka aza bisa sikeli awa buhun gyaɗa! Anka auna jikkata, anka ce kai zamna nan, kai koma can. Wani mai ƙiba yas so kujerar baya, matuƙi yac ce sam. Nac ce mishi mi a laihin baya? Yac ce ƙaramin jirgi awa sikelin mai awo ya ke. In nauyi yay yi yawa wajen wutsiya, da ya tashi sai hanci shi miƙe sama, ka danna ka danna ba ya dawowa, sai shi tsaya shi karkata shi hwaɗo."

Yara suka yi dariyar mai ƙiba. Ni ban yi ba, don ludayin Baffa nake kallo. Ya tsaya tsakanin ƙwarya da bakinsa, fura tana ɗiga a rigarsa.

"Wajen wutsiya?" ya ce.

"Wajen wutsiya, Baffa."

"Ko da abin kirki na? Ko abinci?"

Ɗana ya yi dariya, don bai san komai game da buhunan ba. "Baffa, jirgi ya san abinci? Nauyi dai nauyi na."

Baffa ya ajiye ludayin a hankali. Na dubi Inna, ta dube ni. Ya nemi a kama shi ya tashi, ya shiga ɗaki, bai fito sallar magariba a masallaci ba.

Bayan kwana biyu, ya sa aka samo masa mai babur. Tsoho mai ganin dishi-dishi, ya ce zai fita gaishe-gaishe, ya kuma ce in bi shi in riƙe shi. Muka fara da gidan mahauci. Ya tara 'ya'yansa ya ce ya zalunci ubansu, su yafe masa a madadinsa. Suka yi ta kallon juna, suka ce sun yafe. Muka je Faru, aka ce makiyayin ya daɗe da yin ƙaura, Baffa ya bar saƙo wurin danginsa. Sannan muka nufi Bakura.

Maigadin yana nan da rai, ya makance, yana zaune a wani zaure da rufinsa ya fara zuba. Da ya ji muryar mai sallama sai ya gyara zama, bai miƙo hannu ba. Baffa ya durƙusa a ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Na zaka neman gahwara. Abin da nac ce ka yi, ba ka yi ba."

Maigadi ya juyo da fuska wajen muryar. "Ni na san ban yi ba," ya ce. "Kai yaushe kas sani?"

"Kwanan ga."

"To wa yay yi?"

Na dubi Baffa, na ce yau zai faɗa, amma bai faɗa ba.

"Ka gani," in ji maigadi. "Ashe abin da mutane ka hwaɗi gaskiya na. Kai kay yi abinka, kal laƙa min, ɗiyana sunka tashi ana ce musu ɗiyan ɓarawo. Tashi ka tahi. Na bar ka da Allah."

Na buɗe baki zan yi magana, Baffa ya damƙe hannuna da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Muka fito. Kafin sati labari ya zaga cewa tsoho ya ji mutuwa ta matso yana bi gida-gida yana wanke kansa, ashe dai shi ne. Wannan yawon neman gafara shi ya ƙara ɗaure zargin da ya kusa kwancewa.

To ga abin da ya ƙi faɗa na faɗa, ko da ransa ba zai so ba. Buhu biyu ne na sabuwar shinkafa, ladan ceton raina da na ɗana. Zan je Bakura da kaina in gaya wa maigadi, ya yafe ko kada ya yafe. Waɗanda ke yi wa Baffa kirarin ramuwa su daina, ba su san shi ba. Bai taɓa son wani bare kamar yadda ya so mutumin nan ba.

Ban kuma ce shinkafar ce ta kada jirgin ba. Ni renon mai zargi ce, ba na karɓar magana don ta zo daidai. Na koma na titsiye ɗana a ɓoye, na gaya masa komai. Ya daɗe yana share ido, sannan ya ce zai iya yiwuwa, zai iya kuma zama ruwa a mai, ko tsuntsu, ko zafin rana, ko duk su taru, ba mai iya sani yanzu. Da wannan na shiga wurin Baffa ana saura 'yan kwanaki ya cika. Yana kwance ya juya fuska bango, ya rame har ba na son kallonsa. Na zauna bakin gado na riƙe ƙafarsa.

"Baffa, na tambaya. An ce ba tabbas. Yana yiwuwa man ne, yana yiwuwa ungulu ce. Ba wanda ya gani. Ka daina kashe kanka a kan abin da ba ka da tabbas."

Na zaci barci yake. Sai ya juyo a hankali, ya lalubo hannuna.

"Ɗiyata, mahauci ina da tabbas? Maigadi ina da tabbas? Ban raga musu ba ko kwana guda." Ya numfasa. "In sai yau da abin yaz zaka kaina za ni tuna ba tabbas, to ni mi ni ke?"

Na ja mayafi na rufe masa ƙafa.

Ya Allah, Kai ka ga abin da aka sa a jirgin nan, Ka kuma ga zuciyar da ta sa shi. Ka yi wa Baffa hukunci da abin da Ka gani, Ka yi masa sassaucin da ya kasa yi wa kansa.